Tsatsar Jalingo a Tubruk

Duk wanda ya ce maka tafiya mabuɗin ilimi ce, ka tambaye shi ilimin me, kuma wa ya ci amfaninsa. Ni na yi tafiyar, na kuma samo ilimin. Na iya ɗaukar abu sabo fil in mayar da shi kamar ya shekara hamsin a rana, har mai shi ya rantse gadonsa ya yi. A Jalingo babu mai ba ka ko sisi don wannan. Sunana Ishaya, fenta ne ni. A garejin Oga Danladi da ke Kachalla Sembe na koyi aiki, kuma shekara bakwai abu ɗaya aka koya mini: mota ta shigo da tsufanta, ta fita tana ƙyalli. Da aka ba mu jiha, Jalingo ta zama hedikwata, mun ɗauka aiki zai yi mana yawa. Sai ga shi motocin gwamnati sababbi ne, masu tsofaffin kuma suna fama da layin mai, wa yake ta fenti. A 1994 na bi maganar masu cewa a Libiya ko shara kake yi, kafin shekara ka sayi injin feshi naka na kanka.

A Agadas aka fara wanke ni tas. Wani mai farin rawani ya zagaya tasha yana karɓar fasfo, wai zai kai a buga mana hatimin shiga. Har ofis gare shi, da tebur da kalanda. Mu da yawa muka ba shi, muna ta godiya. Washegari ofishin ya koma shagon gawayi, mai gawayin kuma ya ce shi bai taɓa ganin mai rawani ba, a garin da kowane namiji ke da rawani. Cikin waɗanda aka cuta akwai wani siriri da ya zauna a kan jarkar ruwansa yana magana shi kaɗai.

"Kay, fasfo na ta tafi. Mutumin nan ta cuce mu, wallahi."

Ina jin wannan Hausar na san ɗan gida ne. Sunansa Buba, daga Mutum Biyu, yaron mota ne a hanyar Wukari kafin shi ma a ruɗe shi. Muka zauna muka yi shawara. Komawa Jalingo ba fasfo ba kuɗin mota abin kunya ne, kuma mun riga mun biya kuɗin babbar motar da za ta tsallaka da mu. Muka ce a can ma nemi takarda. Tun daga ranar nan har shekara biyu da wani abu, abin da nake nema a duniya ke nan, takardar da za ta ce an yarda in taka ƙasar da nake takawa.

Bayan Dirku motarmu ta lalace. Kwana uku direba da yaransa suna ƙarƙashinta, mu kuma muna neman inuwa. Inuwar da muka samu ta wata matacciyar babbar mota ce da aka yar a wurin tun ban san yaushe ba. Kowa na lissafin ruwan da ya rage masa, ni kuma, da yake hali zanen dutse ne, sai na tsinci kaina ina zagaya gawar motar nan ina duba fentinta. Gefen da iska ke bugawa babu fenti ko ɗis, yashi ya goge shi har ƙarfe, sumul kamar an sa samfefa. Ɗaya gefen fentin yana nan amma ya koɗe. Yashin bai taru ta gefen iska ba, ta baya ya taru, ya yi wutsiya mai tsawo. Tsatsar ma ba irin tamu ba ce. Baƙa-baƙa ce kamar ƙanzo, kuma ba ta zubo ƙasa ba, inda ta fito nan ta tsaya.

Buba ya ce mini, "Soobajo, abokina, mu muna mutuwa, kai kana neman kwangila. In mai shi ya zo ka ce za ka fesa masa."

Na yi dariya har leɓena ya tsage. Shi ne ya raba mini sauran dabinonsa a rana ta uku, ya ce shi Bafulatani ne, ya saba da yunwa, ni kuwa ɗan masu doya ne, ba zan jure ba.

Da ƙyar motar ta tashi muka isa Sabha, cikin Libiya, amma garin bai riƙe mu ba. Mun yi dako wata biyu muka wuce Bangazi. A Bangazi akwai wani shataletale da baƙi ke taruwa da safe, kowa ya ajiye alamar aikinsa a gabansa, mai shebur da shebur, mai guduma da guduma. Ni buroshi nake ajiyewa. Mota ta tsaya, a nuna ka da yatsa, ka hau. Wata rana a biya ka, wata rana in ka gama a tambaye ka ina takardarka, ka san ma'anar tambayar, ka kama hanya. Nan na gane cewa marar takarda ba shi da bakin magana ko an taka shi.

Wata safiya motar da ta tsaya ba ta masu neman leburori ba ce. Kafin mu ankara an zagaye wurin. Ni na faɗa bayan wani shagon burodi, mai shagon ya gan ni ya kau da kai, Allah ya saka masa. Ta tsakanin buhunan fulawa na ga an riƙe Buba ta wuyan riga ana tura shi cikin mota. Bai yi gardama ba. Ya waiwaya sau ɗaya yana nemana da ido, ni kuma na ƙara dunƙulewa. Daga baya na je Mutum Biyu sau biyu ina tambaya, babu wanda ya ba ni labarinsa. Wannan abu yana cina har yau, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi in huta.

Tsoro ne ya kai ni Tubruk. An ce can nesa ne, kusa da iyakar Masar, ba a cika kame ba. Na samu aikin fentin ƙofar wani shago a hanyar da ke zuwa maƙabartun sojojin Turawa, waɗanda suka mutu a babban yaƙin duniya na biyu. Mai shagon, Hajj Miftah, dattijo ne mai tumbi da tabarau mai kauri, sigari ba ya barin bakinsa. Ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake jan layi a gefen ƙofa ba tare da na sa tef ba. Da na gama ya ce in shigo. Da guntun Turancinsa da guntun Larabcina muka fahimci juna: akwai ɗaki a baya, akwai abinci, akwai ɗan abin kashewa, kuma yana da mutum a ofis, zai yi mini takardar zama. Da na ji kalmar takarda ban tsaya jin sauran ba.

Abin da yake sayarwa ban taɓa ganin irinsa ba. Akwatunan gilashi ne, a cikin kowanne an gina ɗan filin yaƙi a kan katako. Tankar yaƙi ba ta fi tafin hannu ba, sojoji ba su kai ɗan yatsa ba, ga ramuka, ga buhunan yashi, ga jarkoki 'yan mitsi-mitsi. Tankokin a kwali suke zuwa ta jirgin ruwa daga Malta, guntu-guntu na roba, sai a yanka da reza a haɗa da gam. Masu saye Turawan kamfanonin mai ne, da tsofaffin da ke shigowa ta Masar a mota don ganin kaburburan 'yan uwansu. Hajj Miftah ya koyi aikin tun yana saurayi, amma yanzu ido ya yi rauni, hannu kuma yana rawa.

Rana ta uku Juma'a ce. Zai tafi masallaci ya ce in tsabtace shagon. Na share, na goge gilasai. Sai na zo kan wani akwati da ke kan kanta, na ga tankar ciki abin tausayi, fenti duk ya ɓare, ga tsatsa, ga baƙin hayaƙi, ga ƙura ta cika ko'ina. Na ce a raina tsohon nan ido ya gaza, bai ma san kayansa sun lalace ba. Ga dama ta samu in nuna masa wane ne yaron Oga Danladi. Na ciro ta, na wanke da kananzir, na goge, na haɗa fenti ruwan ƙasa mai kyau na shafa mata hannu biyu, na bi da man ƙyalli. Har sarƙar ƙafarta sai da na mayar baƙa wul. Na ajiye ta a tsakiyar kanta tana walƙiya kamar motar kai amarya, na tsaya a gefe ina jiran yabo.

Ya dawo ya gan ta. Ya zauna a ƙasa, da farar jallabiyarsa ta Juma'a. Can sai zagi ya fara fitowa, wanda na gane da wanda ban gane ba. Ashe dattin nan shi ne aikin. Wata biyu ya yi yana sa shi, tun lokacin da hannunsa ke da lafiya, kuma ita ce tankar da ba ya sayarwa, ita yake nuna wa baƙi su san shi gwani ne. Na haɗa 'yan kayana ina jiran kora. Sai na ga ya ɗauki gilashin ƙara girma yana juya tankar, yana neman sawun buroshi, bai samu ba. Ya ce in mayar da ita yadda take, in kuwa na kasa, ya san lambar 'yan sanda.

Na ce ai tsufar da mota ba wuya, na ga dubunsu. Kwana huɗu na yi a kai. Na sa mata jar tsatsa tana zubowa daga kowane ƙusa, na cika sarƙar da laka, har ɗan kore-kore na sa a ƙasan ƙofa, irin na motar da ta kwana biyu a bayan gareji da damina. Ya duba ya cire tabarau.

"Ya Afriki, wannan tankar a ina ta yi yaƙi? A fadama?"

Haka yake kirana, Afriki, wato ɗan Afirka. Shekara biyu bai taɓa riƙe sunana ba. Amma gaskiyarsa ce a ranar. Tsatsar Jalingo na sa mata, tsatsar garin da ruwa ke dukan ƙarfe wata shida. Na koma ɗaki da kunya, sai motar nan ta bayan Dirku ta faɗo mini a rai. Na wanke komai na sake. Na zaɓi gefen da iska za ta riƙa fitowa, na goge fentin wannan gefen da busasshen buroshi, na shafa bakin fensir a gefunan ƙarfe inda takalmi da hannu ke gogawa. Na kankaro tsatsa ta gaske daga wata tsohuwar garwa, na niƙa, na gauraya da baƙi, na ɗiga ta ɗigo-ɗigo ba tare da ta zuba ba. Yashi na gaske ya yi girma, kusa da soja ɗan yatsa sai ya zama duwatsu, don haka na tankaɗe shi da tsohuwar safa har ya koma gari, na tara shi ta bayan tankar ya yi wutsiya. Da ya gani ya daɗe yana kallo. Bai yaba ba, ya dai ce gobe akwai wasu biyu a kwali.

Ba zan ɓoye ba, na so aikin nan. Na koyi tsinka fenti da kananzir ya zama ruwa-ruwa, in ɗiga ya bi lungu da kansa ya fito da kowane ƙusa. Na koyi huda ramin harsashi da allura mai zafi, da sa baƙin ƙuna da hayaƙin kyandir, da danna sarƙa a kan ɗanyen filasta ta bar sawu. Na gane doka ɗaya ce ke riƙe da aikin duka: datti ba ya zama inda ya ga dama, yana zama ne inda iska ko hannu ko ƙafa suka kai shi. Wanda ya watsa shi ko'ina daidai wa daida ƙarya yake yi, kuma ido yana ganewa ko mai idon bai san dalili ba.

Ciniki ya buɗe wa Hajj Miftah. Ni kuwa aikina yana ɗakin baya, ƙofa a rufe. In mota ta tsaya a waje sai ya leƙo ya miƙo mini tsintsiya. Ina shara ina jin yana gaya wa Turawa yadda ya yi wata uku a kan wannan, yadda ya je har filin daga ya ɗebo yashin wancan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai tsaya nan ba. Ya fara kawo mini sababbin hulunan ƙarfe da jarkoki da takardun taswira, in tsufar da su, ya sayar a matsayin tsintuwar filin yaƙi. Na san cuta ce, na yi. Takardun da ruwan shayi nake jiƙa su, yana tsaye yana kallo, har yana tambaya ganye nawa ake sawa. Maganar takardata kuwa kullum amsa ɗaya ce, bukra, wato gobe. Ya kai ni an ɗauki hotona tun watan farko. Daga nan mutumin ofis ya yi tafiya, mutumin ofis ya yi rashin lafiya, mutumin ofis ya aurar da 'ya.

Ba na fita sai dole. In na ji ƙarar mota mai nauyi sai in lafe a bayan ƙofa. Da sanyi akan yi ɗan yayyafi a garin, marar ƙamshi, sai in tuna hadarin Agusta yana tasowa daga duwatsun Kona, da kogin Mayo Gwoi in ya cika yara suna ihu a bakinsa, da sabuwar doya gasassa da manja a rumfar mahaifiyata. Kirsimeti biyu na yi a ɗakin nan ina manna ƙafafun sojojin roba, ina rera waƙar coci ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Mutum ɗaya ce ta ɗauke ni mutum a gidan, Hajja, mahaifiyar Hajj Miftah. Tsohuwa ce tukuf, ba ta gani. Ta tagar baya take jin tarina, don kananzir da hayaƙi sun kama mini ƙirji. Sai ta lallabo da bango ta miƙo mini kwanon miya mai zafi ko bargo. Ita kaɗai ta tambayi sunana, ta kuma riƙe shi, tana cewa Ishaya daidai kamar a gida aka haife ta. Ta tambaye ni ko uwata na da rai. Da na ce e, ta ce to ita ma tana can tana jin tarin nan. Ba ta san me nake yi a ɗakin ba, a ganinta ɗanta ya taimaki wani baƙo ne da shara.

A shekara ta biyu wani tsohon Bature ɗan Ingila ya zo. Shi da kansa ya tuƙa tanka a yaƙin, a wannan hamadar. Ya ba da aiki mafi girma da shagon ya taɓa samu, fili mai faɗin ƙyauren ɗaki, tankoki uku, ɗaya a ƙone, da mutane suna haƙa rami a gefenta. Ya zana yadda abin ya faru a takarda, ya ce zai dawo bayan wata uku. Na yi aikin har ya kai rabi, sannan na wanke buroshina na jera su, na zauna. Na ce wa Hajj Miftah ba zan ƙara ɗiga fenti ba sai na ga takardata a hannuna. Ya yi barazanar 'yan sanda. Na ce ya kira su, sai ya ƙarasa da hannunsa. Ya kalli hannun nasa, ya fita.

Bayan kwana shida ya shigo da fara'a yana kaɗa takarda. Ga hotona, ga hatimi, ga sa hannu. Ya ce ashe ta fito tun wata takwas da suka wuce, a aljihun tebur ta kwanta, mutumin ofis ne ya manta. Na karɓa da hannu biyu. Na kai ta bakin taga.

Ban yi minti ɗaya ba na gane. Takardar ta yi ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, ko'ina daidai wa daida. Lanƙwasarta kuwa sabuwa ce kar, tsaf, ba datti ko kaɗan a cikinta. Takardar da ta kwanta a aljihun tebur wata takwas ba ta canza launi. Wadda aka yi yawo da ita kuma a lanƙwasa take fara tsufa, da kusurwar da babban yatsa ke kamawa. Na kai ta hanci, na ji shayi. Ganye uku ya sa, kamar yadda na gaya masa.

Abin da na ji a lokacin ba fushi ba ne tukuna, wulaƙanci ne. Mutumin nan ya cuce ni da abin da ni na koya masa, kuma bai ma ga na isa ya yi aikin da kyau ba. Yana tsaye yana murmushi yana jira. Na tuna Buba da wuyan rigarsa. Na tuna ba ni da wata takardar, kuma ba za a taɓa yi mini wata ba. Na ce, "Na gode, ya Hajj." Ya dafa kafaɗata ya ce ai shi ba ya saɓa alkawari.

Daga ranar aiki biyu nake yi. Da safe filin Bature, da rana tsaka, in Hajj Miftah ya tafi barci, takardata. Na bi ta da auduga mai ɗanshi na rage shayin daga tsakiya, na bar shi a gefuna. Na lanƙwasa na buɗe, na lanƙwasa na buɗe, har lanƙwasar ta yi laushi ta fara gashi. Na niƙa bakin fensir na taɓa da maiƙon hancina, na riƙa kama kusurwa ɗaya da babban yatsa kamar mai miƙa wa ɗan sanda. Na ɗiga tsatsa ƙanƙanuwa a gindin ƙarfen da ya riƙe hoton. Na sa ta a aljihun gaba tare da kwabo ɗaya, na riƙa tsayawa a rana a bayan gida har gumi ya ratsa ta, kwabon ya bar da'irarsa. Sati biyar na yi. Duk tankokin da na yi a garin nan babu wadda na zuba wa hankali kamar wannan 'yar takarda.

Bature ya dawo a kan lokaci. Aka buɗe masa filin. Ya zagaya shi da sanda a hankali, ya sunkuya ya kalli tankar da ta ƙone, inda na sa fentin ya kumbura ya fashe kusa da ƙofar direba. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Tsoho ne mai tsawo, ya tsaya yana kuka ba sauti. Da ya natsu ya tambayi Hajj Miftah yadda aka yi ya san yashi ta baya yake taruwa, don shi duk hotunan da ya gani ba wanda ya kula da wannan. Hajj Miftah ya sa hannu a ƙirji ya ce mahaifinsa ne ya nuna masa, ɗan hamada ba ya mantuwa. Ina nan taku uku daga wurinsu da tsintsiya. Baturen ya matsa gefe don in share ƙarƙashin ƙafarsa, har ya ce mini sannu.

Washegari da hantsi na tsaya a tagar Hajja na yi mata sallama. Ta laluba fuskata da hannu, ta cusa mini burodi da zaitun a leda. Ɗanta ban nemi ganinsa ba. Na hau motar haya mai zuwa yamma, niyyata in kai Tarabulus, babban birnin ƙasar, in nemi garejin fenti na gaskiya. A shinge na farko soja ya karɓi takardar, ya kama ta daidai kusurwar da na tanada masa, ya miƙo mini. A na biyu ko buɗe ta ba a yi ba. Na fara jin kamar mutum.

A na uku, kusa da Ajdabiya, aka sauke baƙi duka aka shigar da mu wani ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Jami'in da ke ciki mai furfura ne, ba ya ɗaga murya. Ya duba takardar, ya miƙo mini, har na kama, sai ya ƙi saki. Ya jawo wani babban littafi ya bi lamba da yatsa. Ya rufe littafin ya ce in zauna. Ya ce hatimin na ofishin da aka daɗe da sauya wa suna ne, lambar kuma babu ita. Ya yi mini bayani a hankali don in gane: baƙon da aka sayar wa jabu, kora ce kawai, a kai shi iyaka. Wanda ya sa hannu a yin jabun, wannan maganar kurkuku ce. Ya tambaye ni wa ya ba ni. Na faɗi sunan Hajj Miftah da inda shagonsa yake, ban ji komai ba. Ya rubuta.

Da nan aka tsaya, da na wuce da kora. Amma mutumin bai ajiye takardar ba. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya shafa lanƙwasar, ya ga da'irar kwabon, har ya shinshina. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, jabu iri-iri sun bi ta hannunsa, kuma hatimin nan aikin jaki ne. Amma tsufan takardar, shi bai taɓa ganin kamarsa ba, da ba don littafin ba da ya sake ni. Ya girgiza kai.

"Wannan Miftah ɗin, hannun zinariya gare shi."

Abin da ya rage mini in yi shiru. Shiru kawai, abin da na yi shekara biyu ina yi da tsintsiya a hannu. Na ji bakina ya buɗe.

"Ba shi ba ne. Shi shayi kawai ya zuba. Sauran ni ne."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce in sake faɗa, kuma in yi tunani kafin in sake. Na jawo takardar na nuna masa. Na nuna inda na rage shayin, da yadda aka yi lanƙwasar ta yi gashi, da fensir da maiƙon hanci, da tsatsar gindin hoton. Na yi bayani da Larabcin da ban san ina da shi ba. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Wallahi kai usta ne." Usta a bakinsu shi ne gwanin da ya gama sanin sana'arsa. Ya ɗaga murya ya kira mai gadi.

Wata bakwai na yi a tsare kafin a loda mu a babbar mota a zubar a iyakar Nijar. Na iso Jalingo da rigar da ke jikina da tarin da bai bar ni ba har yau. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, wata biyu kafin a sake ni. Waɗanda aka kama mu tare a shingen, da aka yi musu kora kawai, cikin sati uku suka bar ƙasar. Na yi wannan lissafin sau dubu, kullum amsa ɗaya yake ba ni, da na same ta da rai.

Na tsine wa mai rawanin Agadas, na tsine wa Hajj Miftah, kuma ban janye ba. Amma wanda na kasa yafe wa shi ne mutumin da mai gadi ya riƙe wa hannu ya fita da shi daga ɗakin nan. Na san abin da ke ransa a lokacin, don ni ne mutumin. Daɗi yake ji.